Nisbiyya ta musamman a jirgin Haramain: yadda za ka fito da lissafin Einstein da hannunka

Duk wanda ya iya ninka lamba a kanta, ya kuma tuna dokar Fisagoras ta alwatika, yana da isasshen kayan aikin da zai fito da lissafin nisbiyya ta musamman da kansa, wato nazariyyar Einstein da ke bayyana yadda awon lokaci da nisa ke danganta da gudun mai aunawa. Na daɗe ina zama da yaranmu 'yan sanawiyya a nan Makka, da waɗanda suka shiga shekarar farko a jami'a, kuma na lura hadda ce ke kayar da su. Yaro zai zuba maka ƙa'idar tas babu tuntuɓe, amma ka tambaye shi wane agogo ne ya auna lokacin da ya rubuta, sai ya hau susar ƙeya. Alhali kuwa wannan tambayar ita ce gaba ɗayan darasin: wa ya auna, da wane agogo, da wace rula?

Ɗauko takarda, da biro, da rula, da kalkuleta mai alamar √. Kada ka karanta wannan jagora a kishingiɗe. Inda na ce zana, ka zana. Inda na ce buga, ka buga, kada ka yarda da lambata sai ta fito a hannunka.

Da farko, koyi tambayar "a wurin wa?"

Mu shiga jirgin ƙasa na Haramain, wanda aka buɗe a 2018. Yana tashi daga tashar Rusaifa, ya bi ta Jidda, ya dire Madina, tafiyar kilomita kusan 450, kuma in ya miƙe hanya yana kai kilomita 300 a awa. Wanda ya taɓa shigarsa ya san abin da zan faɗa. Da zarar ya bar gari ya daidaita gudu, kofin shayin da ka ajiye a kan ɗan teburin gabanka zai zauna daram, saman shayin a kwance, ko karkata ba ya yi. Ka cilla dabino sama, a tafinka zai faɗo, ba a cinyar mutumin baya ba. In ka rufe taga, ban da 'yar jijjiga, babu abin da zai gaya maka tafiya kake yi ko tsaye kake a tasha.

To wa ke tafiya? A wurin makiyayin da ke tsaye nesa da dogo, kai da shayinka kuna gudun 300 zuwa arewa. A wurinka kuwa shayi na tsaye, makiyayi da raƙumansa da duwatsu ne ke sheƙawa kudu da gudun 300. Babu maƙaryaci a cikinku. Kada ma ka ce ai makiyayin ne mai tsayuwar gaskiya don yana kan ƙasa, domin ƙasar da yake takawa tana zagaya rana da gudun kilomita kusan 30 a kowane sakan.

Mutum tare da rularsa da agogunansa, su ne za mu riƙa kira mazauni. Muna da mazaunin tasha, muna da mazaunin jirgi. Sharaɗin shi ne mazaunin ya kasance yana tafiya a miƙe, da gudu ɗaya, ba taka birki, ba ƙarin wuta, ba shan kwana. Saboda wannan sharaɗi ne ake ce wa nazariyyar "ta musamman". Ginshiƙinta na farko: dokokin fiziks iri ɗaya ne a duk irin wannan mazauni, kuma babu gwajin da za ka yi a cikin tarago da zai nuna maka cewa kai ne ainihin mai tafiya. Wannan tsohon zance ne. Galileo ya bayyana shi tun 1632 da misalin ɗakin cikin jirgin ruwa.

Daga nan aka saba da lissafi mai sauƙi. In ka taka cikin tarago zuwa gaba da gudun kilomita 5 a awa, makiyayi zai ce kana gudun 305. Haɗawa kawai ake yi.

Na biyu, haske ba ya bin wannan haɗawar

Haske yana da gudu, ba nan take yake isa ba. Ibnul Haisam, ɗan Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, ya riga ya ce haske yana ɗaukar lokaci ko da ba ma iya ji. A 1676 Ole Rømer, ɗan ƙasar Denmak, ya nuna haka ta hanyar lura da jinkirin husufin wani wata na duniyar Mushtari. Yau mun san adadin: mita 299,792,458 a sakan, a sararin da babu komai. A taƙaice kilomita 300,000 a sakan, kuma da harafin c ake rubuta shi. Daga rana zuwa nan minti 8 da sakan 20 ne, daga wata sakan 1.3.

A shekarun 1860 James Clerk Maxwell ya haɗa dokokin lantarki da na maganaɗisu, sai gudun haske ya fito daga cikin lissafinsa a matsayin lamba guda, ba tare da lissafin ya ce a wurin wa ba. Masana suka ɗauka dole akwai wani abu da ya cika sarari wanda haske ke ratsawa, suka sa masa suna itar. In haka ne, tunda duniya tana keta wannan abu da gudu, hasken da ya bi hanyar tafiyarta ya kamata ya bambanta da wanda ya gitta. A 1887, a birnin Cleveland na Amurka, Michelson da Morley suka ƙera na'urar da za ta iya kama wannan bambanci. Suka juya ta ko'ina, ba su sami bambancin da ake jira ba.

Lorentz na Holan da Poincaré na Faransa sun yi nisa da lissafin da zai bayyana wannan, kuma ya kamata a riƙa ambatonsu. Amma Albert Einstein ne, a 1905, yana da shekara 26, yana ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a Bern ta Suwizalan, ya ajiye itar gefe ya kafa ginshiƙi na biyu: gudun haske ɗaya ne ga kowane mazauni, ko fitilar na tafiya ko tana tsaye, ko mai awon na tafiya ko yana tsaye.

Ka tsaya ka ji nauyin maganar. Direban jirgi ya kunna fitilar gaba. Shi ya auna hasken, ya sami c. Makiyayi ya auna wannan hasken dai, bai sami c da ƙarin 300 ba, c ya samu cif. Wata ɗaliba ta taɓa ajiye biro ta ce, "Malam, wannan ba ya shiga hankali." Na ce, "Gaskiyarki, 'yata, hankalin da muka gina da gudun mota da jifa ba zai ɗauka ba. Amma an auna, an sake aunawa, haka yake. Abin da ya rage mana shi ne mu bi shi mu ga inda zai kai mu." Gudu dai nisa ne a raba da lokaci. In gudun haske ya ƙi canzawa, ke nan nisa da lokaci ne za su rusuna.

Wata dabara kafin mu ci gaba

Lambobin gaskiya sun yi girma, sifiri zai cika takarda har ma'ana ta ɓace. Saboda haka mu ƙaddara, don koyo kawai, cewa haske yana gudun kilomita 500 a awa. Jirginmu yana nan a 300. Mu kuma ƙaddara dogon a miƙe yake ɗoɗar, kilomita 450, ba tsayawa a Jidda. Gudun jirgi ya zama kashi 3 cikin 5 na gudun haske, wato 0.6. Daga baya za mu mayar wa haske gudunsa.

Na uku, "a lokaci guda" ba na kowa da kowa ba ne

Wannan matakin shi ne ƙofa. Yawancin ɗalibai suna tsallake shi su ruga wurin ƙa'ida, shi ya sa suke rikicewa a gaba.

Zana tarago. Sa fitila a tsakiyarsa daidai, ƙofa a gaba, ƙofa a baya. An kunna fitila. A wurin fasinja, ƙofofin suna tsaye, nisansu da fitila ɗaya, gudun haske ɗaya, don haka haske ya taɓa su a lokaci guda.

Yanzu zana taragon sau biyu kamar yadda makiyayi zai lissafa: hoto ɗaya sa'ad da aka kunna, hoto na biyu ya ɗan matsa gaba. A wurinsa ma haske yana gudun 500 gaba, 500 baya, domin gudun jirgi ba ya ƙara masa ba ya rage masa. Amma ƙofar baya tana tahowa ta tarye shi, ta gaba kuwa tana guje masa. Ke nan ƙofar baya ce ta fara samun haske. Abu biyu da suka faru tare a mazaunin jirgi, ɗaya ya riga ɗaya a mazaunin tasha.

Kada ka haɗa wannan da awa 2 da ke tsakanin agogon Makka da na Kano. Wancan tsarin mutane ne saboda juyawar duniya. Kada kuma ka ce jinkirin isowar haske ga idon makiyayi ne ya ruɗe shi. Mun ɗauka ya riga ya cire wannan jinkiri a lissafinsa, ko kuma ya jera agoguna a gefen dogo kowanne yana rubuta abin da ya faru a gabansa. Bayan duk gyara, saɓanin yana nan.

Na huɗu, zana alwatikar

Za mu ƙera agogo mafi sauƙi: madubi a daɓen tarago, madubi a rufi, ɗigon haske yana kai da komo tsakaninsu. Duk tashi ɗaya daga ƙasa zuwa sama, bugu ɗaya ne.

A wurin fasinja hasken tsaye yake tashi. Ja layi a tsaye, ka rubuta masa c × t₀. Wannan t₀ lokacin agogon jirgi ne.

A wurin makiyayi, kafin haske ya kai rufi, madubin sama ya matsa gaba, don haka hasken a jirkice ya tafi. Ja layi a kwance daga gindin na farko, ka rubuta v × t, nisan da jirgi ya ci ke nan. Ja layin jirkice ya rufe alwatikar, ka rubuta c × t. Wannan t lokacin agogunan tasha ne. Lura da kyau: c ɗin da ke layin tsaye shi ne a layin jirkice. A nan ginshiƙi na biyu ya shigo, kuma a nan kaɗai.

Sauran aikin Fisagoras ne:

(c × t)² = (c × t₀)² + (v × t)²

Kwashe masu t gefe guda, ka raba da c², ka ɗauki tushe:

t = t₀ ÷ √(1 − v²/c²)

Wannan 1 ÷ √(1 − v²/c²) shi ake kira gama, alamarsa γ. Buga namu: 0.6 a kanta 0.36, a cire daga 1 saura 0.64, tushensa 0.8, sai 1 a raba da 0.8 ya ba da 1.25. In ka auna alwatikarka da rula za ka ga tsohuwar 3, 4, 5 ce: kwance 3, tsaye 4, jirkice 5. Duk bugu 5 na agogon tasha, agogon jirgi 4 yake yi.

Tafiyar kilomita 450 a gudun 300 awa ɗaya da rabi ce, minti 90 a agogunan tasha. Raba da 1.25. Agogon fasinja minti 72 ya ƙirga.

Wani zai ce ai wannan agogon madubi ne kawai, na hannu fa? Koma ginshiƙi na farko. Da agogon hannu zai saɓa wa na madubi idan jirgi na tafiya, da fasinja ya gane tafiyarsa ta hanyar kwatanta su, kuma mun ce babu gwajin da zai nuna haka. Don haka agogon hannu, da bugun zuciya, da hucewar shayi, da tsufan jiki, duk tare suke tafiya. Fasinja ba ya jin komai ya ragu. Minti 72 ɗinsa cikakku ne.

Na biyar, nisa ma ya taƙaita

Zauna a kujerar fasinja. Madina tana taho masa da gudun 300, ta iso cikin minti 72, wato awa 1.2. Ninka: kilomita 360. A mazauninsa tsawon dogon ke nan, 450 a raba da 1.25. Abin da ke tafiya, tsawonsa yana raguwa da γ ta fuskar da yake tafiya kawai. Faɗi da tsayi ba sa taɓuwa. Haka shi ma makiyayi, in tarago mita 25 ne a wurin masu ciki, mita 20 zai auna. Ba wani abu ne ya matse ƙarfen ba. Auna tsawon abu mai tafiya yana nufin ka sa alama a kansa da wutsiyarsa a lokaci guda, kuma mun riga mun ga mazaunai ba sa yarda da juna a kan "lokaci guda".

Ƙullin da ya kamata ka kwance da kanka

Ga inda ɗalibi mai kaifin kai yake tsayar da ni, kuma ina jin daɗin wannan tsayarwa. "Malam, kun ce babu mai tsayuwar gaskiya. To a wurin fasinja ai tashoshin ne ke tafiya, ke nan agogunansu ne ya kamata su yi jinkiri. Ta yaya kowa zai ce na ɗan'uwansa ne ke baya?"

Tambayar daidai take, kuma haka ne, kowa yana auna na ɗayan da jinkiri. A lissafin fasinja, cikin minti 72 nasa, agogon tashar Madina minti 57.6 kawai ya yi, wato 72 a raba da 1.25. Amma da ya sauka ya ɗaga kai, agogon tashar yana nuna 90. Ina minti 32.4 suka fito?

Daga mataki na uku. Ma'aikatan tasha sun saita agogon Makka da na Madina su fara daga sifiri a lokaci guda, a mazauninsu. A mazaunin jirgi ba a tare suka fara ba. Akwai ƙa'idar wannan tazara: v × L ÷ c², L kuwa shi ne nisan agogunan biyu a mazauninsu. Buga: 300 × 450 ya ba da 135,000, a raba da 250,000 ya ba da awa 0.54. Mayar da shi minti: 32.4. A wurin fasinja, sa'ad da yake barin Makka agogon Makka na kan sifiri, na Madina ya riga ya kai 32.4. Haɗa da 57.6, ka sami 90 ba ragi ba ƙari.

Ina roƙonka ka maimaita wannan lissafi a sabuwar takarda ba tare da duba tawa ba. Wanda ya ga 32.4 ta fito ta hanya biyu daban-daban ya daina tsoron nisbiyya. Abin riƙewa: idan agoguna biyu suna taho maka a jere, na bayan shi ne ke gaba a ƙirga.

Yanzu labarin tagwaye, ɗaya ya yi tafiya ɗaya ya zauna gida, ya zama mai sauƙi. Hassan ya zauna a Rusaifa, Husaini ya je Madina ya juyo nan take. Hassan ya ƙirga minti 180, Husaini 144. Da suka haɗu suka jera agogo, na Husaini ne a baya, kuma duka biyun sun yarda. Me ya raba gardamar? Hassan mazauni ɗaya ya zauna tun farko har ƙarshe. Husaini mazauni biyu ya hau, na zuwa da na dawowa. Ya ji birki, shayinsa ya karkata. A zuwa ya lissafa wa Hassan 57.6, a dawowa 57.6, jimla 115.2. Sauran 64.8, wato 32.4 sau biyu, sauya mazauni ne ya kawo su, domin abin da yake kira "yanzu a Makka" ya yi tsalle gaba sa'ad da ya juya.

Haɗa gudu ma ya sami sabuwar ƙa'ida: (u + v) ÷ (1 + u × v ÷ c²), u da v su ne gudun biyu da ake haɗawa. Jirage biyu sun fuskanci juna kowanne a 300: 600 a raba da 1.36, kusan 441, bai kai 500 ba. Gwada da fitilar direba: 800 a raba da 1.6, ya dawo 500.

Abin da kowa ya yarda da shi

Na sha jin mutane suna cewa Einstein ya nuna komai ya danganta ne da ra'ayin mutum, babu tabbas a komai. Wannan magana tana ɓata mini rai, domin akasin abin da nazariyyar ke koyarwa ce. Ka ɗauki mutum biyu suna awon tazarar gida biyu. Ɗaya ya ƙirga taku nawa gabas, nawa arewa. Ɗayan ya daidaita awonsa da alƙibla, nawa gaba, nawa dama. Lambobinsu sun bambanta, amma in aka ja igiya daga ƙofa zuwa ƙofa tsawonta ɗaya ne. Nisbiyya ma tana da tata igiyar. Hermann Minkowski, wanda ya taɓa koyar da Einstein lissafi a Zurik, shi ya fito da ita fili a 1908: (c × t)² − x², x kuwa shi ne nisa.

Gwada da tafiyarmu. A mazaunin tasha, 500 × 1.5 ya ba da 750, nisa 450. Ninka kowanne a kansa ka cire: 562,500 − 202,500 = 360,000, tushensa 600. A mazaunin jirgi, 500 × 1.2 ya ba da 600, nisa sifiri, domin a kujera ɗaya fasinja ya bar Makka ya iso Madina. Lokaci ya bambanta, nisa ya bambanta, 600 tana nan. Haka kuma jerin sababi da sakamako ba ya juyawa ga kowa: babu mazaunin da jirgi zai isa Madina kafin ya tashi daga Makka.

Mayar wa haske gudunsa

Da gudun haske na gaskiya, γ na jirgin Haramain shi ne 1, sai ɗigo, sai sifiri 13 kafin ka tarar da 39. Kalkuletarka ma wataƙila 1 kawai za ta nuna. A tafiyar gaba ɗaya, in aka ajiye juyawar duniya gefe, agogonka zai yi baya da kusan nanosakan 0.2, nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan. Wani dattijo da ya ji muna wannan lissafi ya tambaye ni, "Malam, wato mai tafiya lokacin sallarsa ya canza?" Na ce, "A'a, Baba, lokacin salla yana bin rana ne a inda mutum yake, wannan bambanci kuwa ko ƙiftawar ido ya fi shi sau miliyoyi." Kuma ina ba yaranmu shawara su guji ɗora wannan lissafi a kan ayoyi da ka. Tafsiri yana da ma'abotansa.

γ ba ya farkawa sai gudu ya kusanci na haske. A kashi 10 cikin 100, 1.005 ne. A rabi, 1.15. A kashi 87, kusan 2. A kashi 99, ya haura 7.

Shaidu suna da yawa, amma wadda ta fi burge ni tana ratsa tafin hannunka yanzu haka, kusan ɗaya a kowane sakan. Ƙwayoyi ne da ake kira miyuwon, waɗanda ake haifa a sama, wajen kilomita 15, idan haskoki daga sararin samaniya suka daki iska. Matsakaicin ransu maikrosakan 2.2 ne, kashi 2.2 cikin miliyan na sakan. Ko da gudun haske suke yi, mita 660 za su ci a wannan lokaci. Da ƙyar ɗaya zai iso ƙasa. Amma suna isowa da yawa. Wanda ke gudun kashi 99.8 cikin 100 na haske yana da γ kusan 16: a mazauninmu agogonsa ne ke jinkiri, a mazauninsa kuwa kilomita 15 ɗin ne suka koma ƙasa da kilomita 1. Rossi da Hall sun auna wannan a duwatsun Colorado, suka buga sakamakon a 1941.

A 1971 Hafele da Keating suka hau jiragen fasinja da agogunan atam suka zagaya duniya. Da suka bi gabas agogunan sun yi baya da nanosakan kusan 59, da suka bi yamma sun yi gaba da kusan 273, daidai da abin da lissafi ya hango idan aka haɗa gudu da tasirin jan ƙasa. Taurarin GPS da wayarka ke dogara da su don nemo maka hanya a Mina suna sama da kilomita 20,000, suna gudun kusan kilomita 14,000 a awa. Gudun yana rage wa agogunansu maikrosakan 7 a rana, raunin jan ƙasa a can yana ƙara musu 45, saura ƙarin 38. Ba don ana gyara wannan ba, da kuskuren wuri ya riƙa taruwa da kusan kilomita 10 kullum. Wancan 45 ɗin na nisbiyya ta gama-gari ne, wadda Einstein ya kammala a 1915, kuma zamanta daban.

Nauyi da makamashi

A watan Satumba na 1905 ɗin dai Einstein ya ƙara 'yar gajeriyar takarda da ta haifi E = mc². Ma'anarta abu yana da makamashi ko yana zaune, gwargwadon nauyinsa a ninka da c, a sake ninkawa da c. Giram 1 daidai yake da kilowat-awa miliyan 25, irin ma'aunin da ke kan faturar wutar gidanku. Ba wai kowane giram za a iya mayar da shi wuta ba. A tashar nukiliya kusan kashi 1 cikin 1,000 na nauyin atam ɗin da ya tsage ne ke komawa makamashi. Rana kuwa tana rasa tan miliyan 4 a kowane sakan, shi ne zafin da ke dukanmu a Arfa.

Abu mai tafiya makamashinsa γ × mc² ne. Tunda γ yana hauhawa ba iyaka idan gudu ya doshi c, babu adadin makamashin da zai kai abu mai nauyi gudun haske. A cibiyar CERN, kan iyakar Faransa da Suwizalan, ana kora ƙwayoyin furoton cikin zobe mai kilomita 27 har γ ɗinsu ya kai kusan 7,000, kuma duk da haka ba su kamo haske ba.

Aikin gida

Tauraro yana nisan da haske ke ci a shekara 4. Husaini ya je ya dawo da gudun 0.8 na haske, Hassan yana gida. Zana alwatikar, ka nemo γ, da shekarun kowa, da nisan a wurin Husaini, da abin da Husaini ya lissafa wa agogon Hassan a zuwa da dawowa.

Ya kamata γ ya fito 5 a raba da 3. Hassan shekara 10, Husaini 6. Nisan a wurin Husaini 2.4. A kowace tafiya ya lissafa wa Hassan shekara 1.8, jimla 3.6, saura 6.4. Nemo wannan 6.4 da ƙa'idar v × L ÷ c², kana auna nisa da shekarun haske don c ya zama 1. In ba ta fito ba, duba ko ka tuna cewa tazarar sau biyu ake ƙirga ta, ɗaya ta zuwa, ɗaya ta dawowa.